Yadda ake tantance tayin ƴan kwangila idan kayan gini daga waje za su zo

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tantance tayi a nan Maraɗi ya san yadda ɗaki ke yin tsit lokacin da aka yage ambulan aka fara karanta kuɗin kowane ɗan kwangila. Kowa na rubuta lambar ƙarshe, kuma tun kafin a tashi zukata sun riga sun karkata ga wanda ya fi sauƙi. Na yi shekaru ina aikin duba gine-ginen gwamnati, azuzuwan makaranta da ɗakunan likita da magudanan ruwa, kuma abin da na fi gani yana kashe aiki shi ne wannan gaggawar. Lambar da aka karanta a ranar buɗe ambulan ba ta faɗa maka ko rodin da ke cikinta yana jibge a mangaza a Maraɗi ko kuwa har yanzu yana cikin jirgin ruwa bai iso Lome ba. Aikin kwamiti shi ne ya jawo kowane tayi ya ajiye shi a wuri guda, wato bakin shantiye, da kuɗi iri ɗaya da haraji iri ɗaya da inganci iri ɗaya, sannan ya gwada. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi, tun daga ranar da takardu suka shigo hannu.

Mataki na farko: ku koma ga kundin kiran tayi

Kafin ku taɓa tayin kowa, ku zauna ku sake karanta kundin da aka sayar wa ƴan kwangila, wanda ma'aikata ke kira DAO. Dalili kuwa, doka ba ta ba kwamiti damar auna tayi da ma'aunin da ba a rubuta a cikinsa ba. Ƙa'idar ta samo tushe daga umarni mai lamba 04/2005 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, kuma dokar kwangilolin gwamnati ta Nijar ta ɗauko ta. Idan kundin bai ce za a fifita kamfanin gida ba, ba ku da ikon fifita shi, ko da kuwa zuciyarku na so. Idan bai hana simintin waje ba, ba za ku jefar da tayi don kawai simintinsa daga Sakkwato zai zo ba.

Abubuwa biyar za ku tsamo ku rubuta a takarda guda, kowa ya riƙe kwafi. Da wane kuɗi aka ce a yi tayi, kuma idan an yarda da kuɗin waje, canjin wace rana za a bi. An ce farashi ya ƙunshi kuɗin duwan da TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan ciniki, ko kuwa aikin na cikin waɗanda aka yafe wa haraji. Akwai fifiko ga ƴan gida, kashi nawa ne, da wane sharaɗi. Wane mizanin inganci aka ɗora wa siminti da rodi da kwano da waya. Sai kuma wa'adin gama aiki, da ko farashin a kafe yake ko za a iya sake duba shi in kasuwa ta canza.

Ku duba kuma waye mai kuɗin. Aikin da baitulmalin ƙasa ko ma'aikatar magajin gari ke biya yana bin dokar ƙasa. Wanda Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka ko Bankin Musulunci ya ba da kuɗinsa yakan bi ƙa'idar mai bayarwa, kuma lissafin fifiko a can daban ne. Na ga kwamitin da ya haɗa biyun ya dama, aka dawo masa da rahoto bayan wata biyu, damina ta riga ta sauka.

Mataki na biyu: mene ne ma "kayan waje"?

A nan ne mu mutanen Maraɗi muka fi ruɗewa, kuma ba laifinmu ba ne. Katsina ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba. Daga Ɗan Isa ka tsallaka Jibiya, yare ɗaya, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya. Ɗan kasuwar da ya ɗauko siminti daga Najeriya ba ya jin ya shigo da kayan waje, a ganinsa ya je maƙwabta ne. To amma a idon dokar kwangila, iyakar da ake dubawa ita ce ta UEMOA, ƙasashe takwas masu kuɗin sefa: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kot Dibuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. Najeriya ba ta ciki. Saboda haka simintin Dangote ko na BUA da aka yi a Najeriya kayan waje ne, alhali simintin da aka yi a Togo, duk da nisansa, ɗan gida ne a wannan lissafin. Ficewar Nijar daga CEDEAO a watan Janairun 2025 ba ta fitar da ita daga UEMOA ba, don haka wannan iyakar tana nan.

Abu na biyu da ke ruɗa mutane shi ne bambancin wurin saye da wurin ƙira. Karo da aka saya a kantin wani Alhaji a babbar kasuwar Maraɗi ba ya zama ɗan Nijar don an biya kuɗinsa a nan, in a ƙasar Sin aka gasa shi to ɗan Sin ne. Haka rodin da aka sauke a Lome aka sake ɗaure shi, in a Turkiyya aka narka shi. Abin da ke nuna asali shi ne takardar shaidar asalin kaya da takardar masana'anta, ba rasiɗin mai kanti ba.

Ku zana jadawali ga kowane tayi: kayan, yawansa, ƙasar da aka ƙera shi, masana'antar, hanyar da zai biyo. Ba sai kun bi kowace ƙusa ba. A ginin azuzuwa, siminti da rodi da kwano da ƙofofin ƙarfe da kayan lantarki su ne ke cinye mafi yawan kuɗin kaya, su za ku tsananta wa. Yashi da tsakuwa da jar ƙasa dama na nan gida ne.

Mataki na uku: tankaɗe na farko

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Takardar tayi da sa hannu, garantin banki wanda a tsarin UEMOA yake tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na ƙimar aikin, takardun haraji da na rajistar kamfani, da wa'adin da tayin zai ci gaba da aiki. Wanda ya rasa babban abu ya fita. Abin da kawai zan ja hankali a kai shi ne ƴan kalmomin da masu shigo da kaya ke sakawa a ƙasan shafi da ƙananan haruffa, irin su "farashin nan ya dogara da canjin dala" ko "in har an buɗe iyaka". Idan kundi ya ce farashi a kafe yake, wannan sharaɗi ne da ɗan kwangila ya ƙara da kansa, kuma yana iya isa a ajiye tayin gefe.

Mataki na huɗu: inganci kafin kuɗi

Nan ne ya kamata ku daɗe. Kada a buɗe maganar arha sai an tabbatar abin da mutum zai kawo shi ne abin da aka nema, domin araha ba ta ado.

Mu fara da siminti. Kundi yakan nemi aji, 32.5 ko 42.5, kuma lambar tana nufin ƙarfin da simintin ke kaiwa bayan kwana 28. Na 32.5 ya isa bulo da shafe da yawancin ƙananan gine-gine. Ginin bene da gada da tankin ruwa sukan buƙaci 42.5. Ɗan kwangilar da ya rubuta "siminti mai kyau" ba tare da aji da sunan masana'anta ba bai faɗi komai ba. Ku nemi takardar bayanin kayan daga masana'antar. Sannan ku tuna siminti ba ya son zama: buhun da ya yi wata uku a hanya ko a mangaza mai danshi ya fara rasa ƙarfi, ko da bai dunƙule ba. Wannan shi ne babban abin da simintin Malbaza da na Badagishiri suka fi na nesa da shi, suna nan jihar Tawa, mota na iya ɗaukowa ta sauke cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma kada ku mai da wannan hujjar ƙin na waje. Simintin Najeriya da ya cika ajin da aka nema, yana da kwanan wata a jikin buhu, ya shigo ta hanyar duwan, ba shi da aibu a wajen inganci.

Rodi ya fi siminti wuyar sha'ani, don ido ba ya gane ha'incinsa. Kundi yakan ce FeE400 ko FeE500, wato ajin ƙarfin rodin, da kaurin da ake so. Akwai lissafi mai sauƙi da kowane ɗan kwamiti ya kamata ya haddace: ka ninka kaurin rodi da kansa ka raba da 162, ka samu nauyin mita ɗaya a kilo. Rodi mai milimita 12 zai ba ka kilo 0.888 a mita, sanda mai mita 12 kuwa kusan kilo 10.7. Mai milimita 10 kilo 0.617 a mita, mai 8 kilo 0.395. Idan an nemi samfuri, ku ɗora shi a sikeli. Na taɓa auna sandar da aka kawo da sunan "sha biyu" a wani aikin ɗakin haihuwa a ƙauye, ta zo ƙasa da kilo tara. Mai kayan ya rantse haka ya sayo ta, kuma na yarda da shi, shi ma an cuce shi ne. Sai dai rufin da za a zuba a kan wannan rodin mata masu naƙuda ne za su kwanta a ƙarƙashinsa. Tun daga ranar ba na sa hannu kan rodin waje sai na ga takardar gwajin masana'anta mai lambar narkin, kuma sai an rubuta cewa za a kai samfuri ɗakin gwajin gine-gine na ƙasa, LNTP/B, kafin a zuba kankare.

Kwanon rufi kuwa kauri ne zancensa. Abin da aka rubuta 5/10 ko 6/10 na milimita a auna shi da ma'aunin kauri, kada a yarda da abin da aka buga a jikinsa. Iskar farkon damina a wajen Dakoro da Mayahi ba ta raga wa siririn kwano, azuzuwa nawa muka gani a buɗe shekara biyu da gama su. Wayar lantarki a kankare bakinta a gani ko jan ƙarfe ne har ciki ko kuwa sanholo ne aka shafa wa ja. Bututun roba da fenti a tambaya ko an yi su don rana irin tamu, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40. Katako a tambayi maganin gara.

Famfo da injin jan ruwa da faifan sola da batura suna da tambaya ta daban: in ya lalace wa zai gyara, kuma ina kayan gyaransa? Injin da ba a samun ko da robarsa sai an aika Dubai, ranar da ya tsaya ƙauyen ya koma rijiya. Idan kundi ya nemi wakilin masana'anta a cikin ƙasa da garanti na shekara kaza, ku tabbatar takardar ta fito daga masana'antar da kanta.

Wani abu da ya kamata a kiyaye: doka ta hana kundi ya ɗaure mutane da sunan kamfani guda, sai an ƙara "ko makamancinsa". Don haka in wani ya kawo kayan da ba ku saba jin sunansa ba, rashin sabo ba dalilin ƙi ba ne. Ku gwada lambobinsa da na kundi, in ya cika ya wuce. In akwai abin da ya shige duhu, ku rubuta masa wasiƙar neman ƙarin bayani, ya amsa a rubuce. Ba a kiran ɗan kwangila a waya, ba a haɗuwa da shi a wajen ɗaurin aure a yi maganar. Kuma amsarsa ba za ta canza farashi ko ta musanya kayan da ya riga ya rubuta ba.

Mataki na biyar: ku jawo kowane farashi zuwa bakin shantiye

Da farko a gyara kuskuren lissafi kamar yadda kundi ya tsara. Bisa al'ada, in farashin ɗaya da jimla suka saɓa, farashin ɗaya ake bi, in haruffa da lambobi suka saɓa, haruffa ake bi. A cire rangwamen da aka karanta a bainar jama'a ranar buɗewa. Rangwamen da ya ɓullo daga baya ba shi da wurin zama.

Sai kuɗin waje. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka kayan da ake biya da yuro ba su da haɗarin canji. Dala da kuɗin Sin suna hawa suna sauka. Naira kuwa kowa a garin nan ya ga abin da ya same ta tun daga watan Yunin 2023, ƴan canji sun fi kowa sani. Idan an yarda a yi tayi da kuɗin waje, a juya su duka zuwa sefa da canjin babban bankin ƙasashen sefa, BCEAO, na ranar da kundi ya ambata, rana guda ga kowa.

Yanzu ga inda ake yawan faɗawa rami. Farashin kayan waje yana da matakai, kuma kowane mataki da sunansa a takardun ciniki. EXW na nufin kaya a ƙofar masana'anta, komai na gaba a wuyan mai saye. CIF Lome na nufin an biya jirgi da inshora har tashar ruwa, daga nan kuma sai Allah. DDP Maraɗi shi ne an sauke maka a wurinka, an biya duwan. Wanda ya gwada farashin CIF Lome da farashin simintin da aka sauke a Tibiri ya gwada abin da ba ya gwaduwa.

Bari in ba da misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi kawai. A ce ton ɗin rodi ya iso Lome a kan sefa 400,000. A ce harajin duwan a kansa kashi 20 ne, wato 80,000. TVA a Nijar kashi 19 ce, kuma ana ɗora ta a kan ƙimar kaya haɗe da harajin duwan, wato kashi 19 na 480,000, ya ba da 91,200. A ce mota da ɗan tiranzi da lodi da saukewa sun ci 130,000. Ton ɗin da aka gani a takarda 400,000 ya zama 701,200 kafin ya taɓa ƙasar Maraɗi, kuma ban sa ƙananan harajin da ake karɓa tare da na duwan ba. Jadawalin harajin shigo da kaya na bai ɗaya yana da matakai biyar, sifiri da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari, kuma kowane kaya da layinsa. Kada kwamiti ya yi hasashe, ya rubuta wa ofishin duwan ya tambayi layin kayan da ake magana a kai.

Me za ku yi da wannan lissafin? A kwangilar gini, galibi ɗan kwangila yana ba da farashin aiki gamamme ne, mita kaza na kankare a kan kaza, komai a ciki. Ba za ku ƙara masa kuɗin duwan da hannunku ba sai in kundi ya ba da wannan damar a fili. Amfanin lissafin shi ne ya nuna muku ko farashinsa na iya tsayuwa da ƙafafunsa. Ku buɗe takardar da ya fasa farashinsa dalla-dalla. In ya rubuta ton ɗin rodin waje a bakin shantiye ƙasa da abin da ake sayar da shi a tashar ruwa, ɗaya cikin uku ne: ko ya manta da duwan, ko yana shirin bi da kayan ta barauniyar hanya, ko zai kawo siririn rodi. Babu wanda gwamnati za ta so a cikinsu. In kuma aikin na cikin waɗanda aka yafe wa haraji, to a gwada kowa ba haraji, har da mai kayan gida, kada a cire wa ɗaya a bar wa ɗaya.

Mataki na shida: hanya da lokaci

Da can kayanmu ta Kwatano suke zuwa, su tsallaka gadar Malanbil zuwa Gaya, su biyo Doso da Ƙwanni. Tun bayan rufe iyakar Benin a 2023 manyan motoci suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori, su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar sojoji, kuma ayari ba kullum yake tashi ba. Bayan sun iso Yamai akwai sauran kusan kilomita 660 kafin Maraɗi. Ɗan kwangilar da ya ce zai gama ginin wata huɗu, alhali kwanonsa da ƙofofinsa sai an yi odarsu daga ƙetaren teku, ku ɗauki jadawalin aikinsa ku ɗora a kan jadawalin isowar kayan ku gani ko sun haɗu. Ku nemi shaida: wasiƙar alkawari daga mai sayar masa, ko takardar da ke nuna kayan suna cikin ƙasa. Ku lissafa da damina, don daga Yuni zuwa Satumba akwai ƙauyukan da babbar mota ba ta shiga, musamman na bakin gulbi a wajen Madarunfa da Gidan Rumji.

Idan kundi ya tanadi ƙarin kuɗi na gwaji ga wanda wa'adinsa ya fi tsawo, ku yi amfani da shi yadda aka rubuta. In bai tanada ba, tambaya ɗaya ce, ya shiga cikin wa'adin ko bai shiga ba.

Mataki na bakwai: fifikon ƴan gida

Umarnin UEMOA ya yarda a ba tayin kamfanin da ke cikin ƙungiyar fifiko wanda ba zai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, da sharaɗin an faɗe shi tun a kundi. A ayyukan Bankin Duniya da aka buɗe wa duniya, fifikon kayan da aka ƙera a gida yakan kai kashi 15, na ƴan kwangilar gini na gida kuwa kashi 7.5. Ku lura da kyau a kan me fifikon ya rataya. Wani kundin ya rataya shi a kan asalin kamfani, wani ya ƙara da sharaɗin yawan kayan gida ko ma'aikatan gida da za a yi amfani da su. Kamfanin ɗan Maraɗi da zai shigo da komai daga Sin zai iya cin fifiko a kundi na farko ya rasa shi a na biyu. Ni a ra'ayina na biyun ya fi adalci, domin shi ne ke sa kuɗin ya tsaya a hannun leburan Malbaza da maƙeran ƙofofi na garin nan. Amma wannan gyara ne da ake yi lokacin rubuta kundi, ba a teburin tantancewa ba.

Lissafin kansa ba wuya. Ana ƙara kason ne a kan tayin wanda bai cancanci fifiko ba, don gwaji kawai. A ce kundi ya sa kashi 10. Kamfanin gida, bayan duk gyare-gyare, yana kan miliyan 98. Kamfanin waje yana kan miliyan 90. A ƙara wa na waje miliyan 9, ya zama 99, na gida ya ci, kuma za a sa hannu da shi a kan miliyan 98 ɗinsa. Da a ce na waje miliyan 88 ya ce, ƙarin zai kai shi 96.8, har yanzu yana ƙasa da 98, shi ya ci, kuma kwangilarsa miliyan 88 ce, ba 96.8 ba. Na ga rahoton da aka rubuta lambar gwajin a matsayin kuɗin kwangila, sai da masu binciken kuɗi suka tare shi.

Ku kula da kamfanin aro. Wani baƙo yakan nemo ɗan gari ya sa sunansa a gaba don ya ci fifiko, alhali kuɗi da injuna da riba duk na baƙon ne. Takardar rajista da yarjejeniyar haɗin gwiwa su ne za su nuna wa ke da kaso nawa, kuma wa zai yi wane ɓangare na aikin.

Mataki na takwas: tayin da arharsa ta yi yawa, da cancantar mai shi

Idan wanda ya zo na ɗaya ya yi ƙasa sosai da ƙiyasin ma'aikata da sauran abokan takararsa, doka ba ta ce a kore shi nan take ba. Sai an rubuta masa ya kawo hujja. Wataƙila yana da ita: ya sayi rodi da yawa tun kafin ya yi tsada, ko yana da motocinsa, ko yana da wani shantiye kusa. Ya kawo faktir da takardar duwan, a je mangaza a gani da ido in kundi ya yarda. In hujjar ta tsaya, a ba shi. In labari ne kawai, a rubuta dalili a wuce ga na biyu. Wanda ya ci aiki da farashin da ba zai iya ba, ƙarshensa ya karɓi kuɗin somin aiki ya kafa ginshiƙai ya ɓace, ko ya dawo da takardar neman ƙari yana cewa dala ta tashi.

Daga nan a duba cancantarsa: ayyuka makamantan wannan da ya gama, injiniyansa, kayan aikinsa, da ƙarfin aljihunsa. Mai shigo da kaya yana biya tun kafin kaya su taso, ita kuwa gwamnati tana biya bayan an yi aiki an duba. Wanda ba shi da layin bashi a banki ba zai iya riƙe wannan tazarar ba.

Mataki na tara: rahoto, da abin da za a ɗaure a kwangila

Ku rubuta rahoton kamar wanda ya faɗi ne zai fara karanta shi, domin yana da haƙƙin a sanar da shi dalili, ya kai kuka ga ma'aikatar da ta kira tayin, in bai gamsu ba ya wuce kwamitin sasanta rigingimu na ARCOP, hukumar kula da kwangilolin gwamnati da ta gaji ARMP. Kowane tayin da aka ajiye a nuna shafin kundin da ya saɓa wa. Kowane gyaran lamba a nuna yadda aka yi shi. Ɗan kwamitin da bai yarda ba ya rubuta ra'ayinsa ya sa hannu, wanda kuma yake da dangantaka da wani mai tayi, ta jini ko ta aure ko ta kasuwanci, ya faɗa tun ranar farko ya fita. A gari irin namu inda kowa surukin wani ne, wannan ba abin kunya ba ne.

Jadawalin asalin kaya da kuka zana a mataki na biyu kada ya tsaya a cikin rahoto. Ku ba da shawarar a manna shi a jikin kwangilar, a rubuta cewa ba a musanya masana'anta ko aji ko kauri sai da izinin mai duba aiki a rubuce, kuma kowace mota da ta sauke kayan waje a shantiye ta zo da takardar duwan da ta masana'anta. A rubuta gwajin kankare na kwana 7 da na kwana 28, da wanda zai biya kuɗinsa. Mai duba aikin kuma a ba shi kwafin jadawalin a hannu, da sikeli da ma'aunin kauri, tun kafin motar farko ta iso.